Zaman Inna Bayan Asuba

Tun kafin tsuntsu ya taɓa mana shinkafa na san akwai rigima tafe a gidanmu. A kakar shekarar da aka ba mu jihar Kabi ne, Baba ya bi ayarin masu neman aikin gini zuwa Birnin Kebbi, ya bar mu a Argungu ƙarƙashin yayansa, Baffa. Ni yarinya ce, amma ina da ido. Kullum da asuba nakan ga Baffa ya dawo daga masallaci ya tsaya bakin ɗakinmu yana hararar bayan Inna.

Laifinta zama ne kawai. In ta sallame ba ta tashi. Takan tanƙwashe ƙafa a kan tsohuwar tabarmar kaba, ta rufe kai da mayafi, leɓenta na motsi ba a jin komai, har sai an fara bambanta akuya da tunkiya a turke. Nakan rarrafo in ɗora kai a cinyarta, ina shaƙar ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa a zanenta. Na taɓa tambayarta abin da take faɗi, ta ce, "Miƙa ku nika yi ga Mai ku, in samu in ɗauki sauran kayan." Daga nan sai daka, sai ɗiban ruwa, sai fadama, sai tuwon dare, ba ta ƙara zama sai kwanciya.

Lokacin da shinkafa ta fara nauyin kai, tsaron tsuntsayen jan-baki ya kama kowane gida. An kafa rumfa tsakiyar gona, an ja igiyoyi ɗauke da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Rabon aiki kuwa Baffa ne ya yi shi da bakinsa: babban ɗansa Mamman shi ke da tsaron sassafe, ni da Inna mu karɓe shi da hantsi. Mu yara har daɗin aikin muke ji, muna kaɗa majajjawa, muna ihu, muna gasa ƙananan kifi a kan kara.

Ran da abin ya faru, mun isa muka tarar rumfa ba kowa. Zangarniya duk ta miƙe tsaye, fayau, ba nauyi, ƙaiƙayi na yawo a kan ruwa. Ashe Mamman ya hau motar farko zuwa Birnin Kebbi kallon sababbin gine-gine, bai gaya wa kowa ba. Inna ta murza zangarniya ɗaya a tafinta, ta hure, ta ce, "Allah ya sa iyakarsa ke nan."

Amma da yamma, gaban matan gida da maƙwabta, wa Baffa ya kama? Inna. "Ke malama, tasbihinki ya cika rumbu? Kina nan zaune kamar turmi, tsuntsu na biki! Tawakkali ba lalaci na ba." Ya fizgi tabarmar ya cilla ta kan danga. Ba wanda ya ambaci Mamman. Matan da suka san gaskiya kowacce ta sunkuya tana tsince wake. Shi da ke komawa barci bayan masallaci, shi ne mai koya wa uwata tashi?

Daga ranar Inna ba ta ƙara zama ba. Tana sallamewa ta zabura, ko addu'a a tafe take yi, ta nufi fadama cikin raɓa. Shinkafa ta dawo da wata damina, Baba ma ya dawo, amma zaman nan bai dawo ba. Ta zama mai firgita, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta dafe ƙirji. Ta rasu ban koyi kalmomin da take faɗi ba.

Yanzu ga ni a Birnin Kebbi da goyo. Ina farkawa sai fargaba ta taso mini: zazzaɓin yaro, babur ɗin maigida a kan titi. In na sallame na ce bari in ɗan zauna in miƙa su ga Mai su, sai in ji maigida ya ƙwala, "Ina ruwan wanka?" Sai in zabura, sak Inna. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da aka ƙwace mana ya fi gonar shinkafa.

Don Allah, in ka ga mace zaune kan tabarma bayan asuba, matarka ce ko uwarka ko ƙanwarka, kada ka kira ta. Ɗebi ruwan da kanka.