Shanun Inna Tumba

Ban tabbatar da shekarar ba, amma ina jin ina aji huɗu ne a firamare, kuma damina ce, domin na tuna hayaƙin da ake tura wa shanu don korar sauro. Rugarmu tana bayan Yako, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙafa. Mu Fulani ne da muka daɗe da zama, muna noma dawa da masara, muna kuma taɓa kiwo. Da an idar da sallar magariba, kakata Inna Tumba, mahaifiyar babana, takan jawo 'yar kujerarta kusa da wutar nan ta bakin garke, mu jikoki mu kewaye ta. Ɗanyen ganye na sa idanunmu hawaye, amma ba mai tashi.

Shanu shida ne a turkenta. Ita ke tatsarsu, ita ke kai nono cikin Yako, ranar kasuwa kuma har Kafin Maiyaki. A gari ana ganin girmanta. Mata kan ce da ita uwar garke, ita kuwa sai ta kawar da kai kamar ba ta ji ba.

A makon nan Malam Isiyaku, mai koya mana Turanci, ya shiga darasin yadda ake cewa mutum yana da abu. Kwana biyu muna rera "have" da "has" har maƙogwaronmu ya bushe. Sannan ya ce kowa ya rubuto jimla ɗaya a kan abin da wani na gidansu ya mallaka.

"Kuma gaskiya nake so," in ji shi. "Duk wanda ya ce ubansa yana da jirgin sama, zai kawo mini shi in hau."

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ni yaro ne mai tsoron kuskure, kuma na ɗauki maganar gaskiyar nan da nauyin da wataƙila shi kansa Malam bai nufa ba.

Da yamma, kafin Inna ta fara tatsuniya, na matsa kusa da ita da littafina.

"Inna, shanun nan duk naki ne?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Maigidan, yau kuma bincike aka zo yi wa amarya? Ka biya sadakin ne da za ka tambayi dukiyata?"

"Malam ne ya ce mu rubuto."

"Malam ɗin saniya zai saya? Rufe takardar nan, ga wata tatsuniya ta iso, ta gaji da tsayuwa a bakin zaure."

"A shigo da ita!" muka amsa, kamar yadda ta koya mana.

Ta ce wata shekara ruwa ya ci sheƙar zabuwa, ya tafi da ƙwanta kaf. A lokacin zabuwa a tsakar gari take sheƙa, kowa na gani. Tsuntsaye suka ji tausayinta, amma sun san ba za ta roƙa ba. Sai kaza ta zo wucewa ta ajiye ƙwai ɗaya, ta yi gaba tana kallon wani wuri. Agwagwa ta ajiye nata, kurciya ma, fakara ma. Zabuwa ta dawo ta tarar da sheƙa cike, ta hau ta kwanta. Ba ta tambaya ba, ba a gaya mata ba. Saura kwana kaɗan a ƙyanƙyashe sai ga suda, tsuntsuwar da bakinta ba ya hutawa. Ta leƙa ta ce, "Af, wannan ai na kaza ne. Wannan na agwagwa. Wannan ƙaramin na kurciya." Duk ƙwan da ta ambaci mai shi, sai ya mirgina ya nufi gidansu. Tun daga ranar zabuwa ta koma yin sheƙa a cikin ciyawa, inda ido ba ya kaiwa.

"Amma Inna, ai suda ba ta yi ƙarya ba," na ce.

"Ba ta yi ba, maigidan," in ji ta. "Ko sau ɗaya." Ta ɗauki kara ta gyara wuta. "Ta ƙare. Kowa ya ɗauki takalminsa."

Har yau ina mamakin yadda ban gane ba. Iyakar abin da zan iya cewa, hankalina na kan jimlata. Da safe, tana tatsa, na bi shanun ɗaya bayan ɗaya ina duba kunnuwansu. Kowane gida yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa, kuma ɗan makiyayi yana sanin wannan tun kafin ya san baƙi. Biyu na ɗauke da shaidar gidan Ardo. Ɗaya ta ƙanenta ce na Ɗansoshiya. Sauran na dangi ne na wajen Doguwa. Babu mai tsagar gidanmu. Kullum ina ganin kunnuwan nan, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya a kaina ba sai ranar.

Daga baya ne na san cewa cutar shanu ta share garkenta tun ina goye. A al'adarmu, in haka ta sami mutum, 'yan'uwa kan kawo masa aron saniya. Zai riƙe ta, ya sha nononta, in ta haihu ɗan ya zama nasa, uwar ta koma gida. Ba a shela, ba a godiya a gaban mutane. Mai bayarwa ma yakan ce wurin kiwo ne ya yi masa kaɗan. Aron farko da aka kawo mata 'yan maruƙan ba su rayu ba. Waɗannan shida su ne karo na biyu.

Ni duk ban san wannan ba. Na dai san na samo gaskiya, na kuma rubuta ta da kyau: "My grandmother has no cow."

Malam Isiyaku ya yi murna ƙwarai. Ya ce ni kaɗai na yi abin da ba a koya ba tukuna, wato faɗin abin da mutum ba shi da shi. Ya rubuta jimlar a allo, ya sa aji ya maimaita, sannan ya ce a fassara. Yaran ajin gaba ɗaya suka ɗaga murya: "Kakata ba ta da saniya!" Ya sa aka tafa mini. Ban ga laifinsa ba. Baƙo ne, bai san wace ce kakata ba. Yaran Yako kuwa sun sani.

Ba a yi kwana uku ba jimlar ta zama waƙar wasa. An ce wata mai sayen nono ta tambayi Inna, cikin raha, nonon wa take sayarwa. Ban ji da kunnena ba, saboda haka ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne ta dawo da rana tsaka da ƙwaryarta ba a taɓa ba, ta juye wa 'yan maruƙan maƙwabta.

Babana ya ɗauko tsumagiya, ta hana shi. Ardo da kansa ya zo ya ce kowa ya san shanun nata ne, maganar yara ce. Ta yi masa godiya, ta kawo masa fura. Washegari ta kwance su duka shida. Biyu daga cikinsu suna da tsohon ciki.

Ta kira ni, ta miƙo mini igiyar jar saniyar nan ta Ɗansoshiya.

"Ungo, maigidan. Raka babanka. Kai ka san gidan kowacce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushinta. Da ta zage ni, ina jin da tuni na manta.

Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma a ƙofar ɗakinta, tunda babu sauran dalilin hura wuta a bakin garke. Ba ta sake karɓar aro ba, ba ta sake ɗaukar ƙwarya zuwa gari ba.

Na daɗe ina juya wannan abu. Wani lokaci nakan ce ɗan shekara goma ba zai ɗauki wannan nauyi ba, wataƙila ma da ma ta gaji da riƙon kayan mutane. Amma ban cika yarda da kaina ba. Abin da na fahimta a hankali shi ne, manyan rugar nan ba jahiltar gaskiyar suka yi ba. Sun san ta sarai, suka haɗu suka yi shiru a kanta don tsohuwa ta samu ta tsaya da ƙafarta, kuma shirun nan aiki ne da suke yi kullum. Ni na zaci wuri ne da aka bari ba a cike ba.

Ta rasu shekarar da na shiga sakandare a Tudun Wada. Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Sau da yawa na zauna kusa da ita da niyyar yi, sai in ga ba yadda zan fara ba tare da na sake faɗin abin a gabanta ba, ita kuwa ta riga ta ji shi daga bakin yaran gari guda.