Kantar Tsintuwa ta Virgil

Shekara talatin da ɗaya Virgil Pulaski ya yi yana tare dattin garinmu a matatar ruwan ƙazanta. Duk ruwan da aka kora daga banɗaki sai ya bi ta ragar ƙarfensa, sannan ya ratsa kwatamin da yashi, tsakuwa da ɓawon ƙwai ke kwantawa. Da manjagara da shebur yake kwashe su don kada su cinye injina. Na daɗe ina aiki a gefensa, ban taɓa jin ya yi ƙorafin wari ba. Wai hancinsa ya riga shi yin ritaya.

Bayan matarsa, ba abin da yake so kamar kantarsa. Duk wani abu mai fasali da raga ta kama, sai ya wanke shi tas da magani, ya manna masa kwanan wata, ya jera a kan wannan kantar da ke ɗakin da muke shan kofi. Haƙoran roba, makullai, tabarau, ga kayan wasan yara birjik.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba, Corinne Haugland, 'yar garin nan da ta yi karatu a birni ta dawo.

Ta ce, "Baba Virgil, wannan tarkacen a inda ake cin abinci? Masu duba tsafta suna tafe ranar Litinin. Ko ɗaya ba na son gani."

Ya nuna ni. "Ranki ya daɗe, ai sun fi kofin wannan ƙazamin tsafta."

Ba ta ko murmusa ba. Ranar Juma'a ta zo da ledar shara da kanta, don Virgil ya ce hannunsa ba zai iya ba. Ya tsaya a gefe riƙe da hularsa. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Tana cikin kwashewa ta ɗauko wani koren dokin roba mai tattaunannen kunne. Ta karanta kwanan watan, ta zauna daɓas, ta kira yayanta a waya.

"Anders, ka tuna dokinka da aka ce kare ya cinye? Ba kare ba ne. Ni na kora shi a masai."

Har mu muna jiyo ihunsa. "Ke! Sati guda na yi ba na kula karen nan!"

Ta juye ledar a tebur, ta ce a mayar da kantar bakin ƙofa, a sa mata gilashi. Doki kuwa za ta kai wa yayanta.

Virgil ya miƙa hannu. "A'a. Mai kaya shi ke zuwa da ƙafarsa."

Washegari Anders ya tuƙo mota awa huɗu daga garin Duluth, ƙaton mutum da furfura a gemu. Shi ne na farko da ya taɓa zuwa karɓar kayansa. Virgil ya miƙa masa dokin da hannu biyu, sannan ya juya baya yana share ido, wai maganin wanki ne ya shige shi.