Ranar da Waya Ta Yi Tafinta a Maraɗi

An ƙwace mini sana'a da rana tsaka, kuma waya ce ta ƙwace, ba mutum ba, balle in je ƙofar gidansu in zazzage masa. Wannan abu ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Faransanci a kunne na tsince shi, lokacin zaman aurena na fari a Maraɗi. Karatu kuwa sai da furfura ta fara leƙowa na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Jibiya, ina riƙe fensir kamar muciya. Da na haɗa biyun sai na zama tafinta. Matan Gangara da Farfaru da Kusa masu tsallaka iyaka neman magani, ni ke raka su, in yi magana da 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, in yi da likitan da ba ya jin Hausa, in karanta musu yadda za a sha magani.

Sai ga abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shigo wayoyi. Ka yi mata Hausa ta mayar Faransanci, ba gajiya ba tsaki. Mazan da ke sallama a ƙofata tun asuba suka koma ɗaga mini hannu daga kan babur. 'Yata ta ce in tsara makomata, wai haka ake yi yanzu, ta tambayi wayar aikin da ya dace da ni. Wai in riƙa koyar da harshe ta bidiyo, da fara'a. Ni da ko a hoton katin zaɓe ban yi murmushi ba.

Ana nan sai maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin hatsi, ya tashi kai matarsa asibiti a Maraɗi. Tun da ta haihu jini bai tsaya mata ba. Uwarta ce ta raɗa mini, ta roƙe ni in bi su. Alhaji ya ce ba ya buƙatar tafinta, tasa tana aljihu, ba ta cin shinkafa, ba ta gardama. In ina so in zo, sai dai in riƙe kwandon abinci. Na haɗiye, na riƙe kwando. A shingen duwan ya miƙa wa jami'in waya da alfahari, aka sha Faransanci, alhali jami'in Bahaushe ne, tun farko da Hausa ya gaishe shi.

Likitar baƙuwa ce, ko sannu ba ta sani ba. Alhaji ya ɗora waya a tebur ya harɗe. Aka tambayi matar tasa, yarinya ƙarama, yaya jiki. Kanta a sunkuye ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Tana cin abinci? Ana taɓawa. Akwai inda ke ciwo? Ta saci kallon mijinta, ta ce babu komai. Kowa a ƙasarmu ya san ko ana shirin yi wa mace wankan gawa, ka tambaye ta jiki, da sauƙi za ta ce, balle maganar jini a gaban miji. Waya kuwa ba ta yi ƙarya ba. Ta shaida wa likita, da Faransancin da ya fi nawa tsabta, cewa mara lafiya ta samu sauƙi, tana cin abinci, tana gode wa Allah. Likita ta fara rubuta maganin ƙarin kuzari. Alhaji sai gyaɗa kai yake, yana kallona ta wutsiyar ido.

Na dire kwando na ce, "Alhaji, tashi ka hita. Wayar ka bar mana ita."

"Ke da aka ɗauko riƙon kwando?"

"Ga kwandon, tahi da shi."

Da ƙofa ta rufu na matsa kusa da yarinyar. Ban tambaye ta jiki ba. Na tambaye ta zane nawa take wankewa a yini, da rabonta da ɗaga taɓarya, da ko ƙasa na juya mata in ta miƙe daga sujada. Sai hawaye, sai magana. Wayar ta kwashe duka ta faɗa da kalmomin asibiti waɗanda ni kaina ban taɓa ji ba. Likita ta ajiye biro, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, nan take aka ba ta gado aka nemi jini. A mota Alhaji ya yi ta ba direba labarin yadda wayarsa ta ceci iyalinsa. Na bar shi, don rabin maganarsa gaskiya ce.

Abin da na koya shi ne, fassara ta tafi, kuma kukana ba zai dawo da ita ba. Amma na'ura abin da aka furta take ɗauka, matanmu kuwa ciwonsu a cikin abin da suka haɗiye yake. Wanda zai tsara sana'a a wannan zamani ya duba wurin da mutane ke yin shiru, aiki na nan.

Washegari da safe na sa 'yata ta saka mini abin fassarar nan a tsohuwar wayata ta koya mini latsawa. Na yafa mayafi na nufi tashar motocin Maraɗi, na shaida wa direbobi cewa na bar tafinta. Duk wanda ya ɗauko mace mara lafiya ya aiko a kira ni, da sharaɗin mijinta zai jira a waje.