Yatsun Enoch Sugden

Shekara arba'in da ɗaya Enoch Sugden yana sayar da jarida a bakin tashar bas ta Halifax a Ingila, kuma ko sau ɗaya bai ga fuskar mai saye ba. Makaho ne tun yana ɗan shekara bakwai. Amma fa kuɗi, wannan sai dai a sara masa. Da ka ajiye masa a tafin hannu ya san ko mene ne.

"Kwabon Sarauniya Victoria ne, tun tana yarinya mai ɗaurin gashi a ƙeya," zai ce. "Hannaye sun cinye mata fuska, baiwar Allah."

Taro mai kusurwa goma sha biyu kuwa abokinsa ne, wai lokacin yaƙi da aka hana kunna fitila shi kaɗai masu ido ke ganewa a aljihu. Yana da wata tsohuwar fataka, wato sule biyu, da maƙera suka bar sunan Allah ba su sa ba, kakarsa har ta mutu tana rantsuwa fatakar ce ta jawo kwalara.

Sai ga Fabrairun 1971, aka canza kuɗi. Kwabo goma sha biyu ya daina zama sule. Sababbin kwabbai ƙanana, masu kaifin baki, duk shekararsu ɗaya, ga yatsun tsoho sanyi ya fara kashe su.

Ƙanwarsa Maud, wadda yake zaune a gidanta, ta ce, "Yaya, ranar da ka kasa ba da canji, ka rufe ka dawo gida. Ba zan bari a mayar da kai abin tausayi ba."

Ya yi ta gwaji a teburin kicin, abu ya ƙi. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san abin da zai yi da yini guda a kujera ba.

Ranar Litinin Norris kwandasta ya zo. "Tsoho mai ran ƙarfe, ba ni jarida. Yau wace sarauniya za ka yi mana gulmarta?"

Ya miƙa masa sule biyu. Enoch ya lalubi gwangwanin canjinsa, ya ɗauko, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Can sai ya ɗebo cike da hannu, ya buɗe tafinsa.

"Norris, duba ka ɗauki naka."

Norris ya tsinci canjinsa a hankali, bai yi wasa ba. Ya ce, "Sai gobe, Malam Sugden." Tunda suke bai taɓa kiransa haka ba.