Ledar da ban ɓare ba

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina kuma ta yi mana rowa, ina ajin ƙarshe a jami'a. Kogi ya janye har yashi ya fito fili a ƙarƙashin gada, masu lambu a unguwarmu Gamkalley suna bin ruwa da bokiti. Ni kuwa damuwata ba ta wuce wani tsohon ordinater, wato kwamfuta, da yayana ya bar mini ba. Da rana ta take sai ya yi huci ya mutu, ya tafi da abin da na rubuta. Sati uku suka rage in miƙa littafina na kammala karatu, in ba haka ba sai baɗi.

Kawuna yana gyaran irin waɗannan na'urori a kasuwar Katako. Ya duba ya ce ƙwaƙwalwar ce ke ɗaukar zafi, 'yar fankar da ke kanta ta gaji. Ya jawo kwalin wani ƙarfen sanyaya ƙwaƙwalwar daga ƙarƙashin tebur, sabo fil, cikin kayan da suka zo ta Kwatano.

Ban taɓa zaton ƙarfe zai tafi da hankalina haka ba. Bututun jan ƙarfe huɗu suka taso daga gindi, suka lanƙwasa kamar wuyan balbela, suka ratsa ta cikin siraran fayafayan alminiyam da aka jera kusa da kusa. Na bi fayafayan da farce, suka yi wata 'yar ƙara mai daɗi, ba ko ɗaya mai kaifin da zai yanki yatsa. Fankar baƙa ce, tana zaune kan ɗigon roba don kada ta yi karkarwa. Na hura ta, ta yi ta juyi shiru. Kawu ya ce bututun ke kwashe zafi su hau da shi, fayafayan su watsa, iska ta ɗauke. Na roƙe shi ya bar ni in ɗaura da hannuna. Ya nuna mini yadda ake ɗiga farin maiko kamar ƙwayar wake, a ɗaure kusoshi huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan.

A cikin taksi a cinya na riƙe kwalin, ina ta murmushi ni kaɗai.

Da na juya ƙarfen a gida, na tarar gindin sumul kamar madubi, da siririyar leda a manne. A gidanmu ba a ɓare ledar sabon abu. Kujerun falon Inna sun shekara shida cikin tasu, madannin talabijin ma haka. Ko shawara ban yi ba, na ɗiga maiko, na ɗora shi da ledarsa, na ɗaure.

Ordinater ɗin bai kai rabin awa ba ya mutu, tun hantsi ma. Na kunna, ya sake mutuwa. Na naɗe shi da zane na koma Katako, idona cike da ƙwalla, ina ce wa Kawu an sayar masa da kyan banza.

Ya kwance kusoshin, ya ɗaga, ya tsaya kallo. Dariya ta kama shi har ya dafa tebur.

"Ɗiyata, wannan ai ba kujerar uwarki ba ce. Dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe."

"Kawu, zai ƙarce fa."

"Wa zai gani?"

Ya miƙo mini ya ce ni zan ɓare. Na kama gefen ledar da farce, na ja a hankali, na ga fuskata a jan ƙarfen kafin maiko ya rufe ta.

Washegari da ƙarfe biyu, lokacin da ko kaji sun buɗe baki a inuwa, na zauna rubutu ina jiran ya mutu. Na sa tafin hannu a bayansa, iska mai ɗumi tana fita a natse. Aka kira la'asar ina tsakiyar babi na uku, na tashi alwala na bar shi a kunne.