Tsagar Kakanmu a Tsohon Kaset

Ko da zan manta duk ayyukan da na yi tun da na gama jami'a, ba na jin zan manta ranar da gwaggona ta kalli fuskar mahaifinta a talabijin ta ce ba ta san mutumin ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa Azare daga bautar ƙasa ba. Ilimin kwamfuta na karanta, shi ya sa a gidanmu ake ganin babu abin da ba zan iya gyarawa ba. Ni kuwa mutum ne mai yawan ɗar-ɗar. Gwaggo, yayar mahaifina, ta ba ni wani tsohon kaset na walimar da aka yi a Katagum lokacin da kakanmu ya dawo daga aikin Hajji. Shi kaɗai ne bidiyonsa da ya rage. Idanunta sun fara dushewa, likita kuma bai yi mata alkawarin komai ba.

"Injiniya," in ji ta, da haka take tsokanata, "ka fito mini da fuskar Baba in gan shi tun ina iya gani."

Na ce zan gwada, amma ban yi alkawari ba. Ta ce, "Kai dama ko sunanka aka tambaye ka, sai ka ce wataƙila."

Na sa aka juye kaset ɗin a kwamfuta. Hoton ya yi dishi-dishi, fuskar Kaka ƙarama. Sai na sa shi a wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka horar da hotunan fuskoki masu yawa don ta ƙara wa hoto girma da haske. Bidiyo jerin hotuna ne masu wucewa da sauri, ita kuwa manhajar kowane hoto daban take gyarawa, ba ruwanta da na gabansa ko na bayansa. Da na kunna, sai ga fuskar tana ƙyafƙyaftawa kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Musamman kumatunsa: wasu layuka su bayyana, su ɓace, su sake bayyana.

Na ɗauka dattin kaset ne. Sai na ƙara ƙarfin sharewa har fuskar ta yi sumul, rawar ta tsaya cak. A raina na ce na gama.

Wata ranar Asabar da hantsi na kai mata. Ta jawo darduma har gaban talabijin, ta kusanto da fuskarta. Kaka ya fito cikin farar riga yana gaisawa da jama'a. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Wannan kuma wane Alhajin ne? Rigar dai ta Baba ce. Ina tsagarsa?"

Sai a lokacin na tuna. Kakanmu mutumin Borno ne, kasuwanci ya kawo shi ƙasar nan, kuma yana da tsagar gado a fuska. Ina jariri ya rasu, a zamaninmu kuma an daina tsaga, shi ya sa abin bai zo mini ba. Layukan da na share, ashe su ne tsagar tasa. Manhajar ma, ina tsammani, ba ta saba ganin irin fuskar ba, shi ya sa a wani hoton ta bar su, a wani ta goge.

Na soma ba da haƙuri ina in'ina. Ta ce, "Matso nan." Ta kama haɓata, ta ja yatsanta a kumatuna daga sama zuwa ƙasa, sau uku a dama, sau uku a hagu. "Ta tsakiyar nan ta fi tsawo. Ka ji inda suke?"

Na koma kan ainihin kaset ɗin ina bi a hankali, har na sami wurin da Kaka ya juyo wajen hasken rana, tsagar ta fito daidai yadda ta zana mini. Wannan hoton na riƙe a matsayin madogara. Na rage wa manhajar 'yancin ƙago abin da ba ta gani ba, na kuma sa kowane hoto ya riƙa duba maƙwabtansa, ana bin motsin kansa ana ɗora tsagar inda ya kamata ta kasance. Na yi kusan mako biyu a kai. Rawar ta ragu sosai, ko da yake ba zan ce ta tafi duka ba.

Da na mayar mata, tun kafin in kunna na fara kare kaina. "Gwaggo, idan ya juya da sauri, har yanzu yana ɗan rawa kaɗan."

"Kunna mana, sarkin tsoro."

Kaka ya fito. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta ce, "Baba ke nan." Da aka zo wurin da yake rawar, na nuna mata. Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. "Bar shi haka. Shi ma da ransa ba ya zama wuri ɗaya." Nan take ta aika a kira jikokinta.

Yau gyaran tsofaffin bidiyo na cikin sana'ata, har daga Jama'are ake kawo mini. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ke rawa a hoto ne datti ba. Kafin in goge komai daga fuskar mutum, sai na zauna da wanda ya san shi na tambaya.