Busasshen Alƙalami

Da sunan Allah wanda ya sanar da ɗan Adam da alƙalami, kuma shi zai tambaye ni abin da na yi da nawa.

Ɗiyata mai koyarwa a Kankara ta ba ni labarin wata mawaƙiya ta ƙasar Indiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa da harshen Hindi, har yau ana karanta baitocinta. Ta ce, "Baba, mu me ya sa ba mu da irinta?" Ai kuwa mun yi, kuma ni na binne ta tun tana numfashi.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a Tafoki take aure. Gaban mahaifinmu muka yi karatu tare. Ni na haddace ma'aunin waƙa daga littafi, ita kuwa Allah ya zuba mata shi a harshe. Waƙoƙinta na wa'azi mata ke rerawa a gidajen suna har Yankara. Nawa kuwa, ko ɗalibaina sai na tsare su da ido suke saurara.

Da ta makance, ta aika aka kira ni. Ta ce, "Malam, gara ta cinye takarduna, kaina kuma ya fara yoyo. Rubuta mani kafin in tafi da su."

Duk mako sai in je, in shimfiɗa buzu, in ajiye kurtun tawada, in ɗora takarda a gwiwa. Tana rerawa, ina jan alƙalami, amma ban taɓa tsoma shi ba. Na gaya wa raina cewa waƙar mace fitina ce. Hassada ce kawai ta naɗa rawani.

Wata rana, dab da la'asar, ta tsaya a tsakiyar baiti. Ta ce, "Miƙo in taɓa." Na miƙa. Ta shafa takardar, ta kai ta hanci.

"Tawada tana da kaushi, tana da warin ƙaro. Kuma tun ranar farko ban ji alƙalaminka ya taɓa bakin kurtu ba."

Na ce, "To don me kika ci gaba, Yaya?"

"Ina jiran kunya ta zo maka. Ashe ba ta san hanyar gidanka ba. Tashi, Malam, kada ka makara salla."

Da mako ya zagayo na koma da niyya ta gaskiya, na tsoma alƙalami har ya ɗiga a rigata. Ta ce ta mance. Sau uku ina komawa, sau uku tana tambayata lafiyar iyali da farashin masara. Ba ta ƙara rera komai ba har ta rasu, kuma ni aka tura gaba na sallace ta. Matan da suka riƙe wani abu daga waƙoƙinta sun bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauko wa ɗiyata takardun daga gafaka. Ta juya su gaba da baya, farare tas. Ta ce, "To faɗi abin da ka tuna, ni in rubuta."

Ko baiti ɗaya ban riƙe ba. Lokacin da yayata take rerawa, hankalina yana kan kada ta gane.